Kafin Ka Ƙara Ganyen Sifirin

Ƙannena direbobi, musamman ku da aka damƙa wa makullin Hilux ko wata akori-kura ba da jimawa ba, yau da ku nake. Akwai abin da ido ya saba gani a hanyoyinmu har ya daina ba kowa mamaki: mota tana jan 'yar tirela ɗauke da janareta, ko tankin ruwa, ko buhunan taki, bayanta ya zauna har ya kusa shafar kwalta, hancinta kuwa ya ɗaga sama. Da dare fitilunta ba sa haska hanya, sai rassan bishiya da idon direban da ke tahowa. In aka kai ta gareji, maganar ba ta wuce ɗaya: "Oga, sifirin ya gaji, a ƙara ganye biyu." A ƙara, mota ta miƙe, a biya kuɗi, kowa ya tafi yana murna. Ni kuwa a daidai nan hankalina ke tashi, domin nauyin da ya zaunar da motar yana nan inda yake. Abin da aka kawar kawai shi ne alamar da ke nuna maka shi.

Ka taɓa zama a ƙarshen bencin mai shayi, can bayan ƙafar bencin, mutumin da ke ɗaya gefen ya miƙe ba sallama? Ka san yadda wancan kan ya ɗaga, kai kuma ka nufi ƙasa. To abin da ke faruwa da motarka ke nan. Ƙafar bencin ita ce aksil na baya, kai kuma kai ne wuyan tirela, wanda ke zaune a kan ƙugiyar ja, can bayan aksil. A Hilux mai ƙofa huɗu, daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya mita 3 ne da 'yan kai, daga aksil na baya zuwa ƙugiya kuma ya ɗan haura mita ɗaya. Saboda haka in wuyan tirela ya danna ƙugiya da kilo 250, aksil na baya ba 250 yake ɗauka ba, wajen kilo 350 ne. Daga ina ƙarin 100 ɗin ya fito? Daga tayoyin gaba aka ɗebe shi. Su kuwa tayoyin gaba su ne masu juya mota, kuma su ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa za ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka, har wani ya ɗauka daɗin tuƙi ne. Ranar da aka yi yayyafi, ko ka shiga kwana da yashi a kan kwalta, za ka murza sitiyari motar ta ci gaba da tafiya inda ta nufa.

Riƙe wannan lissafin da kyau, don shi ne gindin maganar. Ka ƙara ganye goma, kilo 100 ɗin nan ba zai koma gaba ba. Sifirin mai ƙarfi yana ɗaga jikin mota ne, ba ya matsar da nauyi ko da taƙi ɗaya.

Wani mai wayo zai ce, ai abin mai sauƙi ne, a tura kayan can bayan tirela, wuyanta ya yi sauƙi. Kada ka kuskura. Wannan ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Tirelar da nauyinta ya koma bayan tayoyinta tana tafiya lafiya lau a ƙaramin gudu, amma da zarar ka kama hanya sosai, ko wata babbar mota ta wuce ka da iskarta, sai ta fara lilo, dama da hagu, kowane juyi ya fi na baya faɗi, har ta fizgi bayan motar ta kifar da ku duka. Wuyan tirela dole ya danna ƙugiya, amma da ƙima. A Amurka, inda jan tirela da ƙaramar mota ya zama ruwan dare, ƙa'idar da suke bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta. A Turai suna yin ƙasa da haka, amma su dokarsu ta rage wa mai jan tirela gudu, kuma tirelolinsu an ƙera su ne a kan hakan. Mu da hanyarmu ke da ramuka da gargada, kashi 10 wuri ne mai kyau na farawa. Tirela mai tan biyu, wuyanta ya zama wajen kilo 200. Yadda ake samun haka a aikace: kusan kashi 60 na kayan ya zauna gaban aksil na tirela, sauran a baya, mafi nauyi a ƙasa kuma kusa da aksil, a ɗaure shi tamau yadda ba zai gusa ba in ka taka birki.

Sau da yawa maganin zaman bayan mota ba ya wuce nan. A matsar da janareta baya da taƙi ɗaya, a kwashe buhu uku daga kan wuya a mai da su tsakiya, sai ka ga mota ta taso ba a kashe ko sisi ba. Amma yaran lodi sun fi son jibga kaya a gaba, inda akwai shinge da zai tokare shi, direba kuma yana can gindin bishiya yana danna waya. Ka tsaya a kan lodinka. Kai za ka tuƙa, su suna nan a tasha.

Kaya biyu suna da wuyar sha'ani, ruwa da dabbobi, domin ba sa zama inda aka ajiye su. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 1,000 tan guda ke nan, ban da nauyin tankin. In ya cika taf yana da ladabi, in rabi ne kuwa duk birkin da ka taka sai ya ruga gaba ya dawo. Gara cikakke ko wofi. Shanu da raguna na kasuwa irin ta Maigatari su ma haka ne, in ba a yi musu shinge a tsakani ba sai su taru waje ɗaya.

Yanzu batun awo. Na san da yawanku ba ku taɓa duba ƙaramin faranti ko takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba ko a cikin bonet ba. A nan kamfani ya rubuta iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da iyakar aksil na gaba, da ta aksil na baya. Littafin motar kuma ya faɗi abin da za ta iya ja, da abin da ƙugiya za ta iya ɗauka. Za ka ji ana cewa Hilux tana jan tan uku da rabi. Gaskiya ne ga wasu samfurori masu dizal na zubin da ya fito daga 2015, kuma da sharaɗin tirelar tana da birkinta. Tsofaffin ba su kai haka ba. In tirela ba ta da birki kuwa, iyakar da aka saba rubutawa kilo 750 ce, da tirelar da kayanta. Buhun siminti 15 ke nan, tun ba a cire nauyin ƙarfen tirelar ba.

Ga kuma lissafin da ake mantawa. Irin waɗannan motoci abin da aka yarda su ɗauka a jikinsu wajen tan ɗaya ne, wasu ma bai kai ba, kuma a cikin tan ɗayan nan har da kai kanka. Ɗauki misali: ku biyar ne a ciki, kowa kilo 70, an ci 350. Kejin ƙarfe da mai walda ya ɗora a baya da katangar gaban bamba, a ce 100. Wuyan tirela 250, domin shi ma a jikin motar ake lissafa shi. Saura 300, wato buhun masara uku irin na Dawanau, ko siminti shida. Wanda ya cika bayan motar da buhu goma sannan ya maƙala tirela, ba sifirin ne ya gaji ba, shi ne ya wuce gona da iri.

Abin awon farko da kake bukata tef ne irin na kafinta. A wuri mai shafe, kafin a maƙala tirela, auna daga ƙasa zuwa leɓen ƙarfen da ke saman taya, gaba da baya, ka rubuta. A maƙala, a yi lodi, ka sake aunawa. Bayan akori-kura dama a ɗage ake ƙera shi don ya sauko idan ya ɗauki kaya, saboda haka in ya sauko ya yi daidai da gaba, ba laifi. Matsala ita ce in ya wuce nan, ko gaban ya ɗaga sosai, ko ka leƙa ƙasa ka tarar robar nan da ke tsakanin shasi da aksil ta kusa haɗewa. Da zarar ta haɗe, sifirin ya gama aikinsa, duk ramin da ka faɗa shasi ne ke shan dukan kai tsaye. Nauyin wuya kuwa, sikelin awon buhu na 'yan hatsi zai auna maka shi: a ɗora wuyan a kan gungumen katako bisa sikelin, a tsayin da yake zama a kan ƙugiya. In kana da hanya a wani kamfanin shinkafa ko wurin fasa dutse mai sikelin manyan motoci, roƙi arziki ka hau da tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya, sannan na tirela. Sau ɗaya ka yi haka da lodin da ka saba ɗauka, ka huta da hasashe.

Bayan lodi sai ƙugiya. A nan abu biyu ne. Na farko, tirela ta tsaya a miƙe, ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan, kada ya ɗaga. In mai aksil biyu ce ta karkata, aksil ɗaya ne zai sha wahalar biyu, tayoyinsa su yi zafi su fashe. Na biyu, ƙugiya ta matso kusa da mota gwargwadon iko, domin duk tsawon da aka ƙara mata ƙarin danniya ne a kan aksil na baya. Kuma a shasi ake ɗaure ta da notinan da aka yi don haka, ba a bamba ba, ba kuma da ɗigon walda ba. Wani ɗan tarko da ke cikin kayan Kwatano: ƙwallon ƙugiya na Turai milimita 50 ne, na Amurka kuwa kala-kala ne, akwai mai 47.6, da mai 50.8, da mai 58.7. A ido duk ɗaya suke ko kusa da haka, amma bakin tirela mai faɗi a kan ƙaramin ƙwallo yana iya ficewa a kan tudun rage gudu. Sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan, kullum.

Akwai na'ura ɗaya tak da ke mai da nauyi gaba da gaske, ita ce ƙugiya mai rarraba nauyi. Sanduna biyu ne na ƙarfen sifirin da ke fitowa daga kan ƙugiya su bi gefen wuyan tirela, a ɗaure ƙarshensu da sarƙa ko maƙalli a ja su sama. Ƙarfin da suke yi yana ɗaga mahaɗar, ya mai da wani kaso na nauyin kan tayoyin gaba, wani kan tayoyin tirela. Ana saita ta da tef ɗin nan: a ja sandunan har gaban motar ya sauko ya dawo da rabi ko dukan abin da ya ɗaga, gwargwadon yadda littafin motar ya ce, kada dai ya sauka ƙasa da yadda yake tun farko. Ba kasafai ake samunta a kasuwanninmu ba, kuma ba kowace mota ko ƙugiya aka yarda a sa mata ita ba, sai an duba littafi. A hanyar ƙauye mai kwazazzabo ana sassauta sandunan kafin a tsallaka, in ba haka ba ƙarfin ya yi wa shasi yawa. Kada ka bari wani ya ce zai ƙera maka irinta da rodi.

Sai yanzu muka iso kan sifirin, kuma da gangan na ajiye shi a baya. Wani lokaci makaniki yana da gaskiya, ya gaji. Ganyen sifirin mai lafiya a lanƙwashe yake, in ka ga ya miƙe sambal ko ya fara komawa ɗaya gefen alhali mota ba kaya, ya mutu. A duba ko akwai ganye mai tsagewa, ko santa bol ya karye, ko bushin ya cinye, ko yu-bol sun saki. Wanda ya karye a canja shi, kuma in za a canja, dama da hagu tare. Sifirin ba a yi masa walda, ba a gasa shi da wuta don a dawo masa da lanƙwasa. Ƙarfinsa daga horon wuta ya same shi a masana'anta, zafin walda kuwa yana warware wannan horo, wurin ya zama shi ne farkon karyewa. In za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman na hannu, tafi da wanda ya san abin, ku gwada tsawo da faɗi da kauri da lanƙwasa. Yu-bol sabo ake sawa, a kuma sake ɗaure shi bayan 'yan tafiye-tafiyen farko, domin yana sakin jiki.

Ƙarin ganye ba haramun ba ne. Tun zamanin Fijo 404 da 504 akori-kura makanikanmu ke yin haka, kuma ga motar da kullum cikin lodi take yana da amfani. Ganye ɗaya a kowane gefe, na ƙarfen sifirin na gaske, ya wadatar. Farashinsa shi ne in mota ba kaya za ta riƙa tsalle, bayanta ya riƙa zamewa a kan burji. Ga mai ja yau ya huta gobe, jakar iska ta fi dacewa, irin ta Firestone ko Air Lift, wadda ake sawa tsakanin shasi da aksil, a hura in an yi lodi, a rage in an sauke. A ma'aunin mai faci tana aiki daga 5 zuwa 100, kuma ba a barinta wayam. Akwai kuma dunƙulen roba mai tauri irin na Timbren, wanda ake sawa a madadin robar asali, ba ya taɓa aksil sai mota ta sauko. Amma kamfanonin da ke yin waɗannan abubuwa da kansu suna rubutawa cewa ba sa ƙara wa mota iyakar nauyin da za ta ɗauka. A Ostareliya, inda ake loda wa irin waɗannan motoci kayan yawon daji, lanƙwashewar shasi a bayan ɗakin direba sananniyar matsala ce, kuma abin da ake yawan samu shi ne nauyi can ƙarshen mota, da gudu a hanya mai gargada, wani lokaci da jakar iska da aka hura ta yi tauri. Sifirin yana raba nauyi wuri biyu a jikin shasi, jakar kuwa tana tara shi a wuri guda.

Shokazoba fa? Ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa hana mota ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Sabo zai gyara maka tafiya, amma ba zai ɗaga bayan mota ba. Gungumen katako ko yankin tsohuwar taya da wasu ke cusawa tsakanin aksil da shasi, wannan ban ma san sunan da zan ba shi ba.

Ga wani abu da ko makanikai ba duka suka lura da shi ba. Tsofaffin Hilux da makamantansu, waɗanda ba su da birki mai kwamfuta, suna da wani bawul a baya da siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksil. Shi ke raba ƙarfin birki: in bayan mota ya sauko, ya gane an yi lodi, ya ƙara wa tayoyin baya birki. Ka ƙara ganye ko ka hura jaka mota ta miƙe, bawul ɗin zai ɗauka motar wofi ce, ya rage birkin baya alhali kana ɗauke da tan guda kana jan biyu. Duk lokacin da aka taɓa tsayin bayan irin wannan mota, a tambayi mai gyara ko ya sake saita shi. In ya ce bai san da shi ba, nemi wani.

Duk wannan nauyi a kan taya yake ƙarewa. A gefenta akwai lamba bayan girmanta, misali 265/65R17 112. Wannan 112 tana nufin kilo 1,120, kuma sai in iskar ta cika yadda ya kamata. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin lodi da ke jikin ƙofa. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, da lodi, da kwaltar watan Afrilu, ba sa zama lafiya tare. Tayoyin tirela ma a duba su, su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A kan hanya, rage gudu, ka ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba, ka sauko da giya kafin gangara, ba a tsakiyarta ba. In tirela ta fara lilo, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka yi ƙoƙarin bin ta dama da hagu. In ta lafa, sauka gefe ka gyara lodin, don za ta sake.

Na san abin da wasunku za su ce: "Yaya, motar ba tawa ba ce. In na ce lodi ya yi yawa, gobe wani za a ba makulli." Ban raina wannan magana ba, neman abinci ba wasa ba ne. Amma akwai yadda ake gaya wa maigida gaskiya ba tare da an ɗaga murya ba. Ka kai shi jikin ƙofar ka nuna masa lambar, ka nuna masa abin da tef ya ba ka, ka ce, "Alhaji, sawu biyu zai ci mana mai, sawu ɗaya zai iya cin shasi." Mai dukiya yakan ji lissafin kuɗi ko da bai ji na rai ba. Ka tuna masa kuma cewa lodi fiye da ƙima laifi ne a wajen jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma kai za a tsare a bakin hanya, ba shi ba. In ya yarda, madalla. In ya ce sai dai a ƙara ganye a tafi a haka, to ka sani ran da ke cikin motar naka ne, da na yaron da ke zaune gefenka, da na mai babur ɗin da zai ɓullo a kwana. Gobe da safe, kafin ka maƙala tirela, ɗauki tef ka auna.